Sabulun da Na Sayo wa Jikata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Wagga takarda ta fito daga hannun Arzika majemi na Bungudu, zuwa ga ɗansa Attahiru da ke haɗa magani wurin likita a Lakwaja. Gaisuwa mai yawa, da yarda, da addu'a safe da maraice. Ina roƙon Allah ya sa ta iske ka da ƙarfin jiki da kwanciyar rai, ya tsare ka daga zazzaɓin bakin kogi, ya sa waɗanda kake ƙarƙashinsu su ga alherinka. Mu nan muna cikin rufin asirin Allah. An yi azumi lafiya, an yi salla lafiya. Mahaifiyarka Hanatu tana nan kalau, sai gwiwa da ke tuna mata shekarunta, ita kuma ta juyo ta tuna mini nawa. Baffanka Ɗantsoho ya zo daga Tsafe gaisuwar salla, ya kawo mana ƙwaryar man kaɗanya, ya kwana uku, ya ci abin da ya fi ƙwaryar ya koma. Ƙanwarka Halima a Furfuri ta yaye ɗanta. Bazara ta kama sosai, har kaji sun daina faɗa sai haki, kuma duk matafiyin da ya ratso garin nan salkar ruwa yake nema, don haka hannuna bai huta ba.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san izu huɗu na yi malam ya dube ni ya ce in je in taimaki ubana, wai allo ya gaji da ni. Baƙaƙen nan kamar awaki ne aka kwance daga turke, kowane ya kama gabansa. Inda ka ga wasali ya ɓata, ka sa masa da kanka. Da na so, da na kai wa Malam Mas'udu ya tsara mini ita da hannunsa mai kyau. Na ƙi, don akwai abin da ba na so ya bi ta kunnen wani kafin ya iso naka.

To, ka nemi wuri ka zauna. Ka zama uba. Matarka Shafa'atu ta sauka ran Talata ta biyu bayan salla, wata biyu kafin lokacin da mata suka lissafa. Ana shirin kai ta Rawayya gidan iyayenta goyon ciki, ko kayanta ba a gama ɗaurewa ba, abin ya taso da hantsi, kafin azahar an gama, a ɗakin mahaifiyarka. Ita uwar lafiyarta lau, tana ci tana sha. Ɗiya mace ce, bakwaini. Yau kwananta goma sha biyu a duniya kuma tana numfashi. Na sa maka wannan a gaba don kar ka tsallake sauran ka faɗa ƙarshe, domin ina so ka karanta tsakiyar, nan ne laifin ubanka yake.

Inna Fatsuma ungozoma ce ta karɓe ta, wadda ta karɓe ka, ta karɓi rabin Bungudu, kuma har yau take kirana mai warin rami, wato ramin jima, ko a gaban baƙi. Hanatu ta fito ta ba ni labari a ƙofar zaure, ta ce yarinyar ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma ta zo duniya lulluɓe da wani farin maiƙo tun daga kai har ƙafa, kamar an tsoma ta cikin man shanu sabon kaɗi. Ta ce ba ta taɓa ganin mai yawa haka a jikin jariri ba. Ka san abin da mata ke faɗa, cewa jaririn da ba a wanke shi sosai a kwanakin farko ba, da wari zai tashi, kuma ba zai rabu da shi ba har kabari. Ni kuwa da na ji zancen maiƙon nan sai gabana ya faɗi, ba don tsoron ranta ba, Allah ya gafarta mini, sai don tsoron bakin mutane. Shekara hamsin ina shiga kasuwa ana matsa mini wuri ba don girma ba. Kai ma ka sha tsokana wurin yara sa'anninka, na sani, ko ba ka taɓa kawo mini ƙara ba. Sai na ce a raina, wagga dai ba za a toshe mata hanci ba, ba za a ce jikar majemi ce ai ba.

Don haka washegari da asuba na ɗaura wa jaki akumari na tafi Gusau, ni da kaina, na bar fatu a rami. Na zaga wurin masu sabulun salo ina ɗanɗana kowane da bakin harshe kamar mai sayen zuma, har na sami wanda ya fi kowane zafi, wanda tokarsa ta yi yawa har yana cizon harshe. Mai shi ta ce mini wanga na wankin rigunan maƙera ne. Na ce shi nake so. Na dawo da shi ina taƙama kamar na sayo doki, na miƙa wa Inna Fatsuma, na ce mata a yi wa amaryata wanka uku a yini maimakon biyu, a sa soso, kar a ji tausayi. Ta yi dariya ta ce yau ga majemi yana koya wa mutane tsafta, lalle tashin duniya ya kusa. Amma ta karɓa, kuma ta yi yadda na ce, don ita ma haka ta gada, kuma ba ta taɓa nufin jariri da sharri ba. Kar ka riƙe ta a zuci. Hannunta ne, amma umurnina ne.

Kwana biyu ana haka. Ina bakin ramin jima ina jin kukan yarinyar lokacin wanka, ina murna wai huhu na buɗewa. Ran Alhamis kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa. Ran Juma'a da hantsi ban ji komai ba. Hanatu ta zo ta tsaya nesa da rami kamar yadda ta saba, amma ba ta toshe hanci ba, a nan na san akwai magana. Ta ce yarinyar ta daina kama nono, maɗigarta ta faɗa ciki kamar an danna da yatsa, kuma tsumman da ake shimfiɗa mata tun jiya a bushe yake, in ban da ɗan ɗigo ja kamar ruwan bagaruwa. Ta ce Inna Fatsuma na kwaɓa maganin da za a liƙa mata a ka, ruwan wanka kuma yana kan wuta. Na ce ina son in gan ta. Ta ce ina aka taɓa yi, namiji a ɗakin jego kwana huɗu. Na ce ba shiga zan yi ba, a kawo ta bakin ƙofa, in kuwa an hana ni zan cire asabarin in leƙa, kowa ya ji kunya tare da ni. Sai Hanatu ta kawo ta bakin ƙofa ta buɗe mini zanen.

Attahiru, abin da na gani na san shi. Ban san ciwon jarirai ba, ban san maɗiga ba, amma na san fata. Jikinta ya yi ja yana sheƙi, ya tattare a ciki da cinya, ya fara tsagewa siriri-siriri a wuyan hannu da bayan gwiwa. Haka fatar ɗan akuya ke yi in ka manta da ita a ruwan toka ta wuce kwananta. Mu da toka muke cire gashi da maiƙo daga fata, aikinta ke nan, ba ta san wani ba. Kuma sabulun salo mene ne in ba toka da mai ba? Ka san mai da ruwa ba sa shiri. Ka zuba man gyaɗa a ƙwaryar ruwa ka kaɗa har kafaɗarka ta gaji, kana juya baya ya taso sama ya haɗa kansa kamar ba a yi ba. Shi ya sa ruwa kaɗai ba ya raba fata da manta. Amma sabulu ɗan gida biyu ne, ubansa toka uwarsa mai, kowane gida an san shi. Sai ya riƙe mai da hannu ɗaya, ya riƙe ruwa da ɗaya, ya yi musu sulhun ƙarya, ya ja man ya bi ruwa su tafi. Fatar da aka raba da manta kuwa ba ta riƙe komai. Salkar da ta sha mai daidai tana tsare ruwan matafiyi yini guda, ɗan gumi kawai take bari ya fito ya sanyaya na ciki. Wadda toka ta cinye, ka cika ta da hantsi, kafin azahar ta motse, ba huda ko ɗaya, ta ko'ina ruwan ya fice. Allah ya ga yarinyar nan za ta fito fatarta ba ta gama nuna ba, ya shafe ta da mai da kansa ya aiko ta cikin bazara. Ni kuma na hau jaki har Gusau na nemo abin da zai kankare shi.

A tsaye a bakin ƙofar nan na tuna takardarka ta watan Sha'aban, wadda na karanta wa mutanen zaure muka yi ta dariya. Ka ce likita ya sa ka leƙa ɗigon jini ta madubinsa mai ƙara girman abu, ka ga ashe ƙwayoyi ne birjik kamar gero a faifai, kowace da 'yar fatarta da ta fi ɓawon albasa sirantaka, kuma wai likitan ya ce fatar tasu ta maiƙo ce, ita ke zaɓen abin da zai shiga da abin da zai fita. Ka ce in an sa su a ruwan gishiri sai su motse, in an sa su a ruwa zalla su kumbura su fashe. Na ce wa Malam Mas'udu a lokacin, ka ji fa, na aika yaro ya koyo aikin Turawa don ya tsere wa jima, ga shi ya tarar da salka a cikin jini. To ran nan dariyar ta ƙare mini. In har ɗan adam tun daga ƙwayar jininsa da maiƙo aka killace shi, ina hankalin wanda ya ce a wanke na jaririya da sabulun maƙera?

Na ce a sauke ruwan nan daga wuta, ba sauran wanka. Ka san Inna Fatsuma. Ta ajiye ƙoƙon magani ta kama ƙugu, ta ce shekaranjiya ni na ce uku, yau ni ke cewa babu, in tsaya wuri ɗaya mana. Ta ce ta yi shekara arba'in tana wanke 'ya'yan mutane, ba ta taɓa zuwa bakin ramina ta ce in ƙara bagaruwa ba, kuma ɗiyar mutum ba akuya ba ce. Na ce gaskiyarta, amma ta buɗe tafin hannunta ta duba. Ta buɗe. Duk ya farfashe, har da jini a gindin yatsu, na kwana biyu kawai da sabuluna. Na ce mata in hannun da ya yi shekara arba'in a ruwan zafi ya koma haka, ta faɗa mini yadda fatar da ba ta kai sati ba za ta kasance. Sai ta ce ko ma mene ne ba a fasa wankan jariri, in aka fasa ita za a zaga a gari ba ni ba. Ta miƙa hannu za ta ɗauki yarinyar daga cinyar Hanatu. Mahaifiyarka ta rasa wanda za ta bi, tana kallona tana kallonta.

Matarka ce ta raba gardamar, kuma ina so ka san wannan ka riƙe mata shi har abada. Ka san kunyar ɗan fari. Tun da ta haihu ba ta dubi yarinyar a gaban kowa ba, in za a ba ta ta shayar sai ta kau da kai bango, kamar yadda ake so. Ni kuwa tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin muryarta sama da ina kwana ba. Sai ga ta ta taso daga kan gado, ta ratsa tsakanin tsofaffi biyu, ta ɗauki ɗiyarta ta cusa cikin zanenta a ƙirji, ta koma ta zauna. Kanta a sunkuye, amma na ji ta sarai. Ta ce a yi abin da Baba ya ce, in ta tashi da wari ita za ta zauna kusa da ita. Ni da ke bakin ƙofa sai na ga ya kamata in duba ko jaki ya sha ruwa, na tafi na daɗe ina dubawa.

Da na dawo na kawo tulun man shanun da nake ajiyewa don salkar manya. Hanatu ta ce ko kusa, abin da ya kwana a bakin rami ba zai taɓa jikarta ba. Sai aka buɗe man kaɗanyar da Baffanka ya kawo, ka ga ashe cin da ya yi mana bai tafi a banza ba. Ina tsugune bayan asabari ina ba da umurni kamar sarkin da ba a gani. Na ce a narka shi tsakanin tafin hannu har ya yi ɗumi, a shafa siriri, kar a cika, don fatar da aka ɗura wa mai ita ma ba ta numfashi. A bi a hankali, kar a murza, a shiga duk inda ya tsage, sau uku a yini. Inda ta ɓata a goge da auduga da ruwan ɗumi, shi ke nan. Kar a bar ta a shimfiɗa iska na bugunta, ta zauna jikin uwarta cikin zane. Wannan duk yadda nake yi wa fatar ɗan tayin akuya ne in an kawo mini, amma ban faɗa musu haka ba, don da tsintsiya za a kore ni. Inna Fatsuma ta yi fushi ta tafi gida. Bayan la'asar sai ga ta ta dawo, wai ta manta da ludayinta. Ba ta tafi ba. Ita ce ta ce tunda yarinyar ba ta da ƙarfin tsotso a tatsi nonon a ƙoƙo, a tsoma auduga a riƙa ɗiga mata a gefen baki, ɗigo-ɗigo, ba hutu. Wannan ban san shi ba, iliminta ne, kuma ina ganin shi ya yi rabin aikin, ko fiye.

Na ga ƙoƙon nan sau ɗaya an ajiye shi a inuwa. Ya ɗan jima, sai wani maiƙo rawaya ya taso sama, na ƙasa ya yi fari tsararo, Hanatu ta ce zaƙi gare shi kamar an jiƙa rake. Na yi ta mamaki. Muna ɗura wa Shafa'atu kunun gero da zuma, gari da zaƙi kawai, ya shiga ta nan ya fito ta can da man shanunsa a kai, ba wanda ya kaɗa. Ka tambayar mini likitanka yadda gero ke zama mai a cikin mutum. In ya sani ka rubuto, amma da ƙananan kalmomi.

Ran Talata aka yi suna, ba taro, ba kiɗa. An yanka rago, liman ya yi addu'a, kuma tunda ba ka nan na zaɓa a madadinka: Asma'u, muna ce mata Ma'u. Manu wanzami ya iso da zabirarsa zai yi aski ya cire beli, na tare shi a zaure na cika masa ciki da nama, na ce ya dawo bayan arba'in. Ya ce ba a taɓa yi ba. Na ce a gidan nan satin nan mun saba da abin da ba a taɓa yi ba. Yanzu a Bungudu an san ni da mutumin da ya yi faɗa da ungozoma da wanzami cikin sati guda, saura liman. Amma ko a ranar sunan ba wanda ya saki jiki. Tsagar fatar ta fara rufewa, jan ya ragu, sai dai tsumman nan har lokacin ɗan danshi kawai yake yi, kuma kowace safiya Hanatu kan fito da shi ta nuna mini daga nesa.

Jiya Juma'a na dawo daga masallaci sanye da rigata ta salla, ka san ta, ita ke nan gare ni. Ina shiga gida Inna Fatsuma ta kira ni, ta ce mai warin rami ya zo ya zauna a kan turmi ya miƙo hannu. Na ce hannuna kaushi gare shi. Ta ce ta sani, ba shafa ta zan yi ba, riƙewa kawai. Ta fito da ita cikin zane ta ɗora mini a cinya. Ɗana, ba ta kai nauyin tantabara biyu ba. Maɗigar ta ciko, ina ganin tana bugawa a hankali. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta ga ba abin kallo, ta rufe. Ina nan ina riƙe da numfashina kar in firgita ta, sai na ji ɗumi a cinya. Ɗumin ya yi ta yaɗuwa, ya ratsa riga, ya ratsa wando, ya gangara har gwiwa. Na ɗaga ta na duba, ruwa ne fari tas, mai yawa, kamar an tuntsurar da buta. Na yi kabbara da ƙarfin da ya sa ta tsandara kuka, kuka na sosai, irin wanda maƙwabta ke ji. Hanatu ta rangaɗa guɗa, Inna Fatsuma ta ƙwace ta tana zagina, aka kai ta wurin uwarta, kuma ta kama nono da bakinta, karo na farko tun ran Alhamis waccan. Ni kuwa na fita ƙofar gida na shimfiɗa gaban rigar da hannu biyu ina nuna wa duk mai wucewa. Malam Mas'udu ya ce in shiga in canja kafin la'asar, kar a ce tsufa ya fara taɓa ni.

Ban ce mun haye ba. Ƙarama ce ƙwarai, zafi bai sauka ba, arba'in da nisa. Ka karanta wa likita abin da muke yi, in akwai gyara ka aiko da gaggawa. Kuma ka roƙe shi ya ba ka dama ka zo ko na kwana goma ne. Abu na ƙarshe shi ne wanda na yi ta zagayawa. Ka bar mini amanar iyalinka, na kusa salwantar da ɗiyarka don gudun kar a yi mata dariya. Ban taɓa neman gafara wurin ɗan da na haifa ba, ban san yadda ake fara shi ba, malam bai kai ni wannan izun ba. Ka yafe mini, Attahiru.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Halima da mijinta na gaishe ka. Baffa Ɗantsoho ya aiko da wata ƙwaryar man, yana gaisuwa, ya ce a rubuta cewa shi ya warkar da ita. Surukanka na Rawayya sun zo sun koma, suna sa maka albarka. Inna Fatsuma ta ce in gaya maka kunnuwanka yarinyar ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Na tambayi Shafa'atu ta bakin Hanatu ko tana da saƙo, aka ce ta rufe fuska ta ce babu, sa'an nan da Hanatu ta kai ƙofa ta ce a gaya maka tana riƙe da ita. Ka gai da maigidan da kake zaune wurinsa da duk Hausawan da ke tare da kai. Labbo falke zai wuce Gusau gobe da wagga takarda, daga can a sa ta a hanya.

Allah ya raya Ma'u, ya kawo ka ka ɗauke ta da hannunka. Ka zo da rigar da ba ka so. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Arzika majemi, Bungudu,
watan Shawwal, shekara ta 1346 daga hijira.